Kwanar Hagu Bayan Kogo

Taswira suke ce masa a ƙungiyarsu, kuma ba a banza ya ci sunan ba. Duk ranar Asabar da azahar masu shirya gasar sukan saki sabuwar hanya wadda babu wanda ya taɓa hawa, su ce bayan la'asar za a kara. Kafin sauran su gane gabas da yamma shi ya riga ya haɗiye ta, yana gaya musu inda za su taka birki da inda za su saki ƙafa. Tseren na kwamfuta ne. Kowa yana ɗakinsa da sitiyari da birki da totur na gaske a gabansa, motar da titin ne kawai suke cikin allo. Ranakun aiki kuwa Taswira direban motar makaranta ne, yana kwaso yara da safe ya mayar da su gida da rana.

Ɗakin tseren ba nasa ba ne shi kaɗai. Tsohon sito ne a gefen kicin da suka raba biyu da matarsa. Keken ɗinkinta da tulin yadin mutane suna wajen taga, shi kuma aka bar masa lungu. Kujerarsa ta wata matacciyar mota ce da ya samo a gareji, Kawu ya yi mata ƙafafu. Kawu ba kawunsa ba ne, mai walda ne, shi ne babba a ƙungiyar, furfurarsa ce ta jawo masa sunan, kuma shi kaɗai ne suke gari ɗaya da Taswira. A gaban kujerar alluna uku ne a jere, na tsakiya sabo, na gefe biyun na hannu.

Hanyar da aka saki a wannan Asabar ɗin ta kan dutse ce, hawa da gangara, katanga dama da hagu, babu wurin kuskure. Tseren kuma na karɓa-karɓa ne, Taswira zai fara, Kawu ya ƙarasa.

Ya saƙala abin kunne, ya shiga. Zagayen farko ba ya gudu. Yakan tafi a hankali kamar wanda ya ɗauko ƙwai a bayan mota, yana waige-waige. Akwai wani koren layi da kwamfutar ke zanawa a kan kwalta don ta nuna wa mutum inda zai bi, shi tun farko yake kashe shi. Cewa yake yi mai bin layin nan ƙasa yake kallo, har a tashi bai ga hanyar ba. Abin da yake nema a bakin kowace kwana shi ne wani abu tsayayye da zai ce masa taka: falwaya, allon talla, inda aka yi wa kwalta faci. Ba ya yarda da inuwa, don ranar cikin wasan ma tafiya take yi. Sannan ya raɗa wa kowace kwana suna, saboda lamba ba ta zama a ka idan gudu ya yi gudu. A nan ya samu Ƙugiya, ya samu Tagwaye, ya samu wata doguwa mai ƙara matsewa wadda ya kira Gwiwar Kaka.

Can wajen ƙarshe hanyar ta shige wani dogon kogo da aka huda cikin dutse, ta fito a gangara, ta karya hagu ba zato. A bayan shingen hagu an ajiye wata jar motar kashe gobara. Ya tsaya ya juya kai ya dube ta sosai, har tsanin da ke kanta ya gani.

“Kawu, kana ji na?”

“Ina jinka, ranka ya daɗe. Ni fa har yanzu ina Ƙugiya, ta riƙe ni ta ƙi saki.”

“In ka fito daga kogo kada ka kuskura ka ɗaga ƙafa. Danne ta har sai jar motar nan ta zo daidai kafaɗarka ta hagu, sannan ka taka, ka sauko da giya.”

“An gama.”

Ya fara ƙara wuta. Haka yake yi kullum, ya fara taka birki da wuri, sannan kowane zagaye ya matsa gaba kaɗan har ya ji taya ta fara kuka, nan ne iyakarta. Ƙugiya ta zauna. Tagwaye suka zauna. Gwiwar Kaka ta ɗan wahalar da shi, ita ma ta zauna. Ya shiga kogo da cikakken gudu, ya fito cikin haske, idonsa a kan bakin kwanar, yana jiran jan nan ya gilma ta gefen idonsa.

Jan bai gilma ba. Katanga ce ta zo. Sitiyarin ya fizge har sai da ya ji a wuyan hannunsa.

Ya yi tsaki ya sake. Ya fito daga kogo, ya jira, ya sake shan katanga. Ya sake, haka dai.

“Kawu, sun cire motar nan ne?”

“Wace irin cirewa? Ga ta nan jajawur, yanzu na wuce ta. Ta yi mini aiki kuwa.”

Sai ya ɗora wa allon hagu laifi. Dama na hannu ne, ya taɓa yin ja-in-ja da shi. Ya sauka ya durƙusa bayan tebur, ya zare wayoyi, ya ɗauke allon dama ya mayar hagu, na hagun ya kai dama, yana haki yana ƙunƙuni. Ya koma ya zauna. Ya fito daga kogo. Katanga.

Matarsa ta shigo da rigar wata a kafaɗa da allura a bakinta. Ta cire allurar ta soke a hannun rigarta.

“Baban yara, yau kuma da wa ake faɗa? Tun daga kicin nake jin kana rushe wa mutane katanga.”

Bai yi dariya ba. Ya lallaɓa da motar har bakin gangarar ya tsayar da ita.

“Zo ki duba mini. Me kike gani a allon nan na hagu?”

“Jar mota mana. Har da tsani.”

Ya juya kai, ga ta nan. Ya mayar da idonsa kan bakin kwanar, sai ta tafi, ita da shingen da rabin allon. Ba duhu ya gani ba, babu ne kawai, kamar duniya ta ƙare daga nan. Ya sake juyawa, ta dawo.

“Tsaya nan gefena,” ya ce, muryarsa ta sauya. “Nan, ta hagu. Ɗaga hannunki ki kaɗa.”

“Wannan kuma wane sabon wasa ne?”

“Kaɗa dai.”

Ya kafe idonsa a gaba yana jira.

“To ki kaɗa mana.”

Ta ce a hankali, “Tun ɗazu nake kaɗawa.”

Ya sa tafin hannu ya rufe idon dama. A idon hagu, daga wajen kunne, wani baƙin abu ya rufo kamar jiƙaƙƙen labule, ya ci wajen kashi ɗaya cikin uku na ɗakin. Da ya motsa idon sai labulen ya yi rawa. Keken ɗinki ya shige cikinsa, taga ta shige, matarsa ma rabinta ne a waje. Ya sauke hannun da sauri kamar ya taɓa wuta.

Sai abubuwa suka fara dawo masa. Walƙiyar da ya riƙa gani a gefen ido tun makon jiya, wadda ya ɗauka hasken allo ne ya yi masa yawa. Ƙudajen da ya yi ta korewa a mota, yaran kujerar gaba suna yi masa dariya suna cewa babu ƙuda ko ɗaya. Da mai keken nan na ranar Alhamis a ƙofar makaranta, wanda ya ɓullo ta hagu kamar daga ƙasa ya tsiro. Har leƙawa ya yi ta taga ya zazzaga masa masifa, mutumin ya tsaya da baki buɗe yana cewa, “Malam, ai tun daga can nake gefenka.”

“Tashi mu tafi asibiti,” in ji matarsa.

“Gajiya ce. Ban yi barcin kirki ba jiya.”

“Gajiya ce take ɓoye mutum sukutum da hannunsa?”

“Maman yara, bari a gama tseren nan. Mutane sun dogara da ni. Gobe Lahadi in kwanta in huta, za ki ga ya washe.”

Ta dube shi, ta dubi allon. Ta ajiye rigar a kan keke ba tare da ta ninke ba, abin da ba ta taɓa yi da kayan mutane ba, ta fita. Ya ji tana magana a waya ƙasa-ƙasa a tsakar gida.

Ya mayar da abin kunne. Ya ce wa kansa hanya hanya ce, in an toshe ƙofa ɗaya akwai wata. Ya koma tafiyar ƙwai, ya sake bin ta daga farko, wannan karon yana zubar da duk alamar da ke hagu yana neman madadinta. A Tagwaye ya samu wata farar tuta a dama. A Gwiwar Kaka ya samu rufin wata rumfa. A gangarar bayan kogo babu komai a dama sai dutse, don haka ya bar ido ya koma wa hannu da kunne. Akwai wurin da aka haɗa kwalta biyu, sitiyari yakan ɗan yi tsalle idan taya ta hau. Daidai nan kuma kukan injin yake kaiwa ƙarshe ya fara shaƙewa. Tsalle, shaƙewa, taka. Ya gwada, motar ta shiga kwanar tana goga shinge amma ta fita da ranta. Ya sake, ta fita sumul. Bai daɗe ba sunansa ya hau saman jerin masu gwaji.

“Taswira ikon Allah!” Kawu ya yi ihu a kunnensa. “Yau kuma me ka sha? Ka bar mana ko ƙura mu shaƙa.”

Da wata rana ce da ya yi dariya ya mayar masa. Yau tsoro ne ya kama shi, don ya ga yadda abin ya zo masa da sauƙi. Hanyar da bai taɓa gani ba sai yau, ya bi ta da rabin ido babu wanda ya gane. To ina ga hanyar makaranta, wadda ya san kowane rami nata da kowane mai tebur a bakinta? Ranar Litinin zai iya ɗaukar makulli ya gaisa da maigadi ya tayar da mota, babu wanda zai ce masa me ya samu idonka. In kuwa ya buɗe baki, ya san abin da zai biyo baya. Shugabar makarantar mace ce mai kirki, amma ba za ta ba mai ido ɗaya da rabi 'ya'yan mutane ba, shi ma da shi ne ba zai bayar ba. Kuma tuƙi kaɗai ya iya. Tun yana saurayi bai taɓa cin abinci da wata sana'a ba.

Ya zauna yana jujjuya maganar. Zai riƙa juya kai sosai. Zai ƙara madubi. Zai rage gudu. Mako ɗaya kawai, ya ga ko zai washe.

“Zo mu yi zagaye tare,” in ji Kawu, “in bi bayanka in ga inda kake sata.”

Suka fita tare. Taswira yana gaba, yana kiran kwanonin da suna, Kawu yana amsawa. Suka wuce Ƙugiya, suka wuce Tagwaye. A Gwiwar Kaka ya ɗan zame, ya gyara. Ya duba madubin tsakiya kafin kogo, bai ga Kawu ba, ya ɗauka tsohon ya sake maƙalewa a baya. Ya fito cikin haske. Tsalle, shaƙewa, ya taka, ya karya sitiyari hagu da dukkan ƙarfinsa.

Ƙarar ta cika masa kunne, ƙarfe a kan ƙarfe. Sitiyarin ya ƙwace daga hannunsa. A allon tsakiya motar Kawu ta bayyana daga inda babu komai, ta tashi sama, ta kifa, ta yi ta mirginawa a gangarar tayoyinta suna kallon sama.

Kawu ya fashe da dariya har yana tari.

“Kai! Ka kashe tsoho! Me na yi maka? Tun cikin kogo nake manne da ƙofarka, saura kaɗan in miƙo hannu mu gaisa. Ko baƙin ciki kake yi na kamo ka?”

Taswira ya ɗora hannuwansa a kan cinya. Yana kallon motar da ke kife tana hayaƙi, amma ƙofar makaranta yake gani lokacin tashi, yara suna fitowa a guje ta ko'ina. Akwai wata 'yar mitsitsiya 'yar aji ɗaya, kullum sai ta yar da gorar ruwanta, kullum sai ta koma ɗauka, kuma ba ta taɓa yar da ita wuri ɗaya sau biyu ba. Kanta bai kai tsayin tayar motar ba. Wannan babu yadda za a haddace ta.

“Taswira? Wasa fa nake yi. Kana nan?”

“Kawu, ban gan ka ba.”

“Ai na sani, shi ya sa nake kwance a rami.”

“A'a. Ba na gani ta hagu. Wani baƙin abu ne ya rufo mini ido. Jar motar nan ma tun ɗazu ba na ganinta, da ka nake bi.”

Dariyar ta ɗauke ɗif.

“Tun yaushe?”

“Yau na lura. Amma ina jin ya kwana biyu.”

“Kuma kana zaune kana mini lissafin kwana? Tashi. Yanzu, ba anjima ba.”

“Tseren fa?”

“Tseren ya ci ƙaniyarsa. Mai Shago na ƙungiyarmu yana nan yana zaman jiran tsammani tun bara, yau ranarsa ce, shi zai maye gurbinka. Ka tashi, ko in zo in ɗauke ka da kujerar, ni na haɗa ta, na san inda zan kama.”

Da ya fito tsakar gida matarsa ta riga ta yafa gyale, ta kai yaran gidan maƙwabta. Ya miƙa hannu wajen ƙusar da yake rataye makullin ƙaramar motarsu, ya tarar babu. Yana hannunta, ta dunƙule shi.

“Ƙanina yana waje da tasi,” ta ce.

Rabonsa da zama a kujerar fasinja har ya manta. Ƙanin nata yana tuƙi yana ta ba shi baki, “Yaya, in sha Allahu ba komai ba ne, wani abokina ma haka ya yi, ɗigo kawai aka ba shi.” Taswira bai ji rabin maganar ba. Babura suna ɓullowa a gaban gilashi daga inda babu su, mutane suna tsirowa a tsakiyar titi. Duk wanda ya ɓullo sai gabansa ya faɗi, ƙafarsa ta danna birkin da babu. Ya riƙa rufe idon dama yana leƙen labulen, ko ya ƙaru. Sai ya ga kamar ya ƙaru. Matarsa ta miƙo hannu daga baya ta sauke masa hannun.

“Bar taɓa shi haka.”

Sashen ido a hawa na biyu yake, dogon baranda da benci da warin magani. Ma'aikaciyar jinya tana jin ya ce labule ta daina rubutu ta ɗago kai, ta wuce da shi gaban mutanen da ya tarar. Wannan ya fi komai tsorata shi. Ta ɗiga masa magani mai zafi a ido biyu, ta ce ya zauna ya rufe su sai ƙwayar ta buɗe.

Yana zaune a duhun kansa wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ta duba.

“Mai Shago ne. Wai yana ta shan katanga, lokaci ya kusa.”

“Ba ni.”

“Baban yara.”

“In na yi shiru zuciyata za ta fashe. Danna mini wurin magana.”

Ta danna ta kara masa a baki. Da idonsa a rufe, hawayen magani suna zuba, ya bi hanyar daga farko har ƙarshe. Ya gaya masa ya kashe koren layin. Ya gaya masa kada ya yi faɗa da Ƙugiya, ya shiga a makare ya fita da wuri. Tagwaye kwana ɗaya ce da ta yi kamar biyu, kada ya miƙe sitiyari a tsakaninsu. Gwiwar Kaka ƙara matsewa take yi, ya ajiye sauran birki a ƙafarsa. Wani tsoho da ke gefensa da bandeji a ido ya matso yana saurare, ya tambayi matar ko maigidan nata hanyar garinsu yake kwatantawa.

Likitan mace ce, ba ta da yawan magana. Ta kwantar da kujerar, ta ɗaura fitila a goshi, ta ce ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi kunnensa. Hasken ya shiga har cikin ƙwaƙwalwarsa. Ta daɗe a kan idon hagu, ta daɗe sosai, yana jin numfashinta. Sannan ta kunna wutar ɗakin ta jawo kujera.

“Akwai wani tantani a can bayan ido, shi ne yake ɗaukar hoto. Naka ya yage, ruwa ya shiga bayansa yana ɓamɓare shi. Bai kai tsakiya ba tukuna. Gobe da safe za mu yi aiki. Daga yanzu ba ɗaukar kaya, ba girgiza kai, ka kwanta ta gefen da zan nuna maka.”

“In ya kai tsakiyar fa?” matarsa ta tambaya.

“Shi ya sa na ce gobe, ban ce jibi ba.”

Taswira ya gyara zama.

“Likita, ni direba ne. Yara nake ɗauka.”

Ta dube shi.

“Yaushe rabonka da tuƙa su?”

“Jiya.”

Ta ce, “Allah ya tsare.”

“Zan koma?”

“Ba zan yi maka alkawarin abin da ban gani ba. Mu fara ceto idon.”

A gadon asibitin ya kira shugabar makarantar da kansa. Ya so ya yi kwana-kwana, ya ce rashin lafiya ce kawai, amma da ya ji muryarta sai ya faɗa mata komai, har da mai keken ranar Alhamis. Ta yi salati, ta yi masa addu'a, ta ce zuwa Litinin za ta nemi wanda zai riƙe motar. Da ya ajiye wayar ya ji kamar an zare masa laka. Ya juya fuska bango don kada matarsa ta gani, ta gani, ta yi kamar tana gyara filas.

Aikin bai ji zafinsa ba, amma yana farke, yana jin ƙarar ƙarafuna da muryar likita tana neman abu, yana ganin inuwoyi suna yawo a cikin idonsa. Ya riƙe gefen gadon har yatsunsa suka sage. Bayan an gama aka ce an cika idon da iska don ta danne tantanin ya manne, kuma sai ya yi kwanaki yana kife, fuska a ƙasa, zaune ko kwance.

Kawu ya zo gida da wani tsohon tebur a bayan a-kori-kura, ya huda masa rami daidai fuska, ya naɗe bakin ramin da soso. Nan Taswira ya yi kwanakinsa yana kallon siminti da ƙafafun masu zuwa dubiya, har ya koyi gane mutane da takalmansu. Kawu ya zauna a ƙasa don su ga juna, ya ba shi labarin tseren. Sun ƙare a tsakiya, ba yabo ba fallasa. Mai Shago ya wuce kwanar bayan kogo lafiya lau tun daga farko har ƙarshe, sai da ya zo miƙa mota ya manta inda ake tsayawa ya wuce da gudu, Kawu yana ihu. Taswira ya fara dariya, matarsa ta leƙo daga kicin ta ce likita ta hana girgiza kai, su biyun suka yi tsit.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne yadda yake tsoron safiya. Idon hagun ba ya ganin komai sai ruwa-ruwa, kamar mai kallo daga ƙasan kwalba. Kowace safiya kafin ya buɗe shi sai ya daɗe yana addu'a. A hankali iskar ta fara janyewa, wani layi ya bayyana yana sauka kullum, duniya tana dawowa daga sama. Ranar da ya fara ganin taga da idon bai yi murna da ƙarfi ba, don kada ya tsorata ta.

Bayan watanni aka kira shi gwaji. Aka zaunar da shi gaban wata na'ura mai kama da ƙwarya a tsaye, ya ɗora haɓa, aka ba shi maɓalli a hannu. Aka ce ya kalli ɗigon tsakiya kada ya motsa ido, duk inda ya ga haske ya ƙyafta ya danna. Hasken ya riƙa zuwa, nan, can, ƙarami, babba. Wani lokacin sai a yi shiru mai tsawo, babu komai, ya san a cikin shirun nan akwai hasken da ke ƙyaftawa shi bai gani ba. Babban yatsansa ya yi ta ƙaiƙayi. Ya fara gane tazarar da na'urar ke bari tsakanin haske da haske, ya san in ya danna a kan wannan tazarar zai dace da wasu. Ya ɗaga yatsan daga kan maɓallin ya jira har sai da ya gani da gaske.

Likita ta duba sakamakon ta juyo da shi wajensu.

“Tantanin ya manne, tsakiya lafiya lau. Gefen ya dawo da yawa, amma akwai saura a nan ƙasa. Ƙaramar mota da rana, zan iya sa hannu nan gaba kaɗan. Motar yara ba yanzu ba. Ka dawo bayan wata uku mu sake gwadawa.”

“Zai ƙaru?”

“Wasu yana ƙaruwa. Wasu nan yake tsayawa.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Makarantar ta riga ta ba shi aikin kula da motocin a gareji, duba mai da taya da tsara wa direbobi hanya, kuma ranar Litinin zai koma can.

Suka sauko, suka fito bakin titi. Rana ta yi masa yawa saboda maganin da aka ɗiga, ya sa baƙin gilashi. Motoci suna ta wucewa. Ya juya kansa gaba ɗaya hagu, ya juya dama, ya sake juyawa hagu. Hanya ta buɗe, bai motsa ba. Ta sake buɗewa, wata mata da yaro a hannu ta ratsa su ta wuce.

“Baban yara, sai mun kwana a nan?”

“Bari wannan babur ɗin ya wuce.”

Babur ɗin yana can nesa. Ta bar shi ya wuce, sannan ta koma ta hagunsa ta kama hannun rigarsa, suka tsallaka.